Salon Malam Abdu a Cikin Kwamfuta

Laraba, bayan isha'i

Yau kwana uku ana ba mu horo a ofis kan ƙirƙirarriyar basira da tsara bayanai. Mai koyarwar, Malama Hadiza, ta ce kowa ya kawo tsofaffin wasiƙun sashensa a nuna wa manhajar, ta rubuta sabuwa irinsu. Ban yi tunani ba na kwaso fayil ɗin marigayi Malam Abdu, abokin zamana na shekara da shekaru.

Na nuna wa manhajar, kafin in gyara zama ta fito da wasiƙa. Ga doguwar gaisuwarshi, ga "a duba da idon rahama" da yake rufe kowace takarda da shi. Har na waiwaya wajen teburinshi.

Malama Hadiza ta leƙo ta ce, "Alhaji, ka ga ta kama salon ofishinku."

Na ce, "Ba na ofis ba ne, na mutum ɗaya ne."

Bara ni na cire sunanshi daga jerin masu koyon kwamfuta, wai ya kusa ritaya. Bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Da dai an bar ni na gwada."

Da aka tashi na bi ta Ƙofar Durbi, na zo daidai gidanshi, na kasa tsayawa. Muryarshi ba ta bar kunnena ba har yanzu.

Malam Isa mai kula da fayil ma tsoho ne, bana ma ni na tsallake shi a jerin masu koyo. Gobe zan riga kowa zuwa in rubuta sunanshi.