Kada Ku Mayar wa Solomon Jinin da Aka Ɗiba

Ni ne Ebenezer Japhet na Rikoto a Zuru, mahaifinku. Da hannuna nake rubutun nan, hankalina garau, babu maganin da ya juya mini kai. Hantata ce ta gaji. Shekara talatin da huɗu ina binciken ciwon hanta, na kuma duba hoton tawa da idona, saboda haka kada ku wahalar da kanku da zancen kai ni asibiti a Indiya. Hannah, Solomon, ku karanta tare. Peculiar, matar Solomon, ke ma ki zauna.

Na ɗaya. Gidan Rikoto naku ne ku biyu, ba na sayarwa ba ne. Gonar hanyar Mahuta ta Solomon ce, shi ne mai son noma. Hannah ta ɗauki filin bayan coci da Littafi Mai Tsarki na marigayiya mahaifiyarku.

Na biyu. Littattafaina da kundayen bincikena ku ba Dakta Amatullah, ɗalibata wadda yanzu ta fi ni. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne, akwai mutanen da jikinsu ke tara sinadarin ƙarfe fiye da kima, ya yi ta taruwa a hanta har ya kashe ta. A kan kakanku na fara lura, shi da abokansa masu shan burkutun da ake dafawa a duron ƙarfe, bayan mata sun bar tukunyar ƙasa. Daga baya na gane abin yana bin jini ma. Ni ban taɓa kurɓa ba, ga shi ya same ni, kuma ina ta duba na wasu ban duba nawa ba sai da lokaci ya ƙure.

An ce likitoci sun ambaci aikin nan a rubuce-rubucensu fiye da sau dubu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk inda aka tafa mini, sai in tuna ɗan cikina ya ƙi yarda a gwada jininsa.

Solomon, shekara bakwai ina binka. Hannah ta yi nata tuntuni, ba ta da komai. Kai kuwa, soja guda, ka je fagen daga ka dawo, amma tsoron allura ya sa da ka hango motata sai ka zame ta bayan gida. Sai bara, da ka ga idona ya yi ruwan ɗorawa, ka miƙa hannu. Ciwon yana jikinka, amma bai taɓa hantar ba tukuna. Ran nan na rufe ƙofar ofis na yi kukan godiya.

Na uku, kuma duk saboda shi na ɗauki biro. Maganinka ɗaya ne: a riƙa ɗibar maka jini leda guda, yadda Amatullah ta tsara, ƙarfen ya riƙa fita da shi. Kun tuna wata huɗu ana ɗiba awon ƙarfen bai sauka ba. Abinci ya fita raina, har na fara zargin aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa. Sai Hannah ta shiga ɗakin girkinku neman gishiri ta tarar da kwalabe tara na maganin ƙarin jini, wanda ƙarfe ne zalla. Ashe duk ranar da aka ɗebi jinin mijinta, Peculiar sai ta hau kabu-kabu zuwa kemis, ta biya kasuwa ta haɗo da hantar saniya. Abin da muka cire da safe, ita ta mayar da yamma. Kada kwalbar nan ta sake shiga gidanku, ko wa ya kawo ta dubiya.

Na huɗu. Hannah, kin kira Peculiar jahila a gaban maƙwabta, tun watan Maris ba ku gaisawa. Ki je ki ba ta haƙuri tun ina da ido in gani. A Zuru wace mace ce za ta ga an zuƙi jinin mijinta ta naɗe hannu? Mahaifiyarku ma da haka za ta yi. Laifin nawa ne. Na yi wa duniya bayani da Turanci, ban zauna na yi wa surukata da Hausa ba. Peculiar, ki yafe mini, 'yata.

Jiya Amatullah ta kawo sabon sakamakon gwajin Solomon. Awon ya sauka, hanta lafiya lau. Na ci tuwo malmala biyu, abin da na daɗe ban yi ba.

Na biyar. Jikokina duka a gwada su idan sun girma, ba sai an bi su shekara bakwai ba. Lambobin yabon da ke bango ku yi yadda kuka ga dama da su. Takardar sakamakon jiya kuwa, ita ku sa mini a aljihun rigar da za a binne ni da ita.

Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku da 'ya'yanku. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya rabu bayana. Ranar ɗibar jini ku tafi ku uku, Hannah ta riƙe masa hannu don na san halinsa. In ya fito, Peculiar, ki ba shi shayi kawai.