Gurbin Toka a Ɗakin da Aka Liƙe

Ƙiblatain, Madina
20 ga Janairu, 1991

Zuwa ga maigidana Sa'id,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da majinyatan da kake kula da su a Hafar al-Batin. Mu nan lafiya lau. Yau kwana huɗu da fara yaƙin, babu abin da ya faɗo mana daga sama tukuna.

"Ke da kika yi jami'a kika karanta haɗa magunguna," in ji Yaya Usmanu jiya, yana tsaye a kaina, "gaya min, awa nawa mutum takwas za su yi a ɗaki ɗaya kafin iska ta ƙare?" Na ce masa ya danganta da ko shi zai yi shiru. Bai yi dariya ba. Matarsa Suhaila ta fara, sai ta mai da ita tari.

Takardar da ka rubuta mana kafin ka tafi, ta abin da za mu yi in an harbo iska mai guba, tana manne a jikin firij. Mun bi ta layi-layi. Ɗakin Hajiya mahaifiyarku muka zaɓa, don taga ɗaya gare shi. Mun liƙe tagar da leda da salatif mai faɗi. Mun ajiye ruwa jarka shida, da dabino, da kifin gwangwani, da rediyo, da tawul ɗin da za a jiƙa a toshe ƙasan ƙofa, da bokiti mai murfi wanda kowa ya ƙi tambayar amfaninsa. Ka ƙirga Hajiya, da Yayanka da matarsa da 'ya'yansu huɗu, da ni. Har maganin hawan jinin Hajiya ka tuna.

Ka manta da Toka. Ina nufin karenka, in kana buƙatar tuni: wanda marigayi Baba ya bar maka da aka sayar da gonar dabinonsa ta Jurf, wanda har yau yake kwana a bakin ƙofarmu da hancinsa cikin tsohon takalminka.

Na ɗauki biro na ƙara layi ɗaya a ƙasa: buhu guda ya kwanta a kai, kwanonsa, igiya, yashi a daro, jarka ta bakwai. Yaya Usmanu ya soke layin har biro ya huda takardar. Ya ce ɗakin da za a yi salla ne. Hajiya ta ce ita a karatun da mahaifinta ya zo da shi daga Haɗeja, jikin kare ba najasa ba ne, a dai wanke kwano. Ya amsa mata da Larabci, kamar yadda yake yi duk lokacin da yake so ta tuna cewa shi a nan aka haife shi.

Shekaranjiya da azahar aka gwada jiniya. Muka ruga ɗakin, Toka ya biyo ƙafafunmu ya shige ƙarƙashin gadon Hajiya. Yayanka ya kamo ƙafarsa ta baya ya ja shi a kan tayal har tsakar gida, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari. Na ƙirga shida. Karen bai ko nuna haƙori ba, fitsari kawai ya yi.

Amma kada ka ce ba a sa shi a shirin ba. An sa shi. Za a ɗaure shi a tsakar gida daidai tagar, a bar 'yar kafa a labule. In ya faɗi, to guba ta iso, kada kowa ya buɗe ƙofa.

Na rubuta da boko don kai kaɗai ka karanta. Yayanka yana buɗe duk abin da Bakri direba, mai kai mana wasiƙu, ya kawo ko zai ɗauka, sai dai bai yi zaman Kano kamarka ba. Karenka ne. Ka faɗi magana.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Safiyyatu

*

Hafar al-Batin
27 ga Janairu, 1991

Zuwa ga Safiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga wasiƙarki, na gode. Ki gaishe da Ummi mahaifiyata, ki ce ina neman addu'a. Ki gaishe da Yaya da Suhaila da yara.

Wallahi mantuwa na yi. A tsaye na rubuta takardar nan, mota tana jirana. Da na karanta zancen takalmin sai na fita bayan tanti na ɗan tsaya.

Amma Safiyya, ki yi a hankali da bakinki. Na san ki. Kalma ɗaya kike faɗa, mutum ya kwana uku yana jin ta. Yaya tsoro yake ji, ba mugunta ba ce. Yara huɗu ne a wuyansa, ga Ummi. Ma'alesh, ki yi haƙuri, kada ki amsa masa a gaban 'ya'yansa.

Ga abin da na gani. Ɗan sito ɗin nan na kusa da kicin, inda muka zuba kayan gonar Baba, ba shi da taga. Ki share shi, ki liƙe shi yadda kuka liƙe ɗakin Ummi, ki sa masa buhunsa da ruwansa. In jiniya ta yi, ki tura shi ciki ki rufe. Kin ga bai shiga wurin salla ba, kuma ba a bar shi a waje ba. Ki ce wa Yaya ni na ce. Khalas, kowa ya huta.

Mu nan aiki ya yi yawa, amma alhamdu lillah. Ki riƙa shafa masa man zaitun a haƙarƙarin.

Wassalam.
Naki,
Sa'id

*

Ƙiblatain, Madina
8 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga maigidana Sa'id,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi.

Na bi shawararka. Na liƙe siton, kuma ka san ni da aiki: ko ƙuda ba zai sami hanyar fita ba. Yaya Usmanu ya zo ya duba, ya shafa gefen ƙofar, ya ce, "Tamam." Karo na farko da ya yaba min ke nan, ya kamata in yi zargi.

Wani abokinsa na Jidda ya samo masa kammama, wato abin rufe fuska na tsare guba, amma guda huɗu kacal. Mu takwas ne. Sai ya zauna ya haɗa sauran da kansa: gawayi dakakke, auduga, yankin tawul. Ya tambaye ni ko za su yi aiki. Na ce ba za su yi ba. Ya ce a littafi na karanta, shi gwadawa zai yi.

Ranar Talata bayan azahar ina saman bene ina shanya, sai na ji ana kartar katako. Na sauko na same shi a gaban siton, ƙofa a kulle, agogo a hannunsa. Wani wari yana tashi, irin na lokacin feshin dabino. Ya naɗe bakin Toka da kammamarsa ta gawayi, ya ɗaure da salatif, ya sa kaskon wuta a ciki, ya zuba ragowar maganin ƙwarin gonar Baba a kan garwashi, ya rufe.

Na ce, "Yaya, ba ni mabuɗin."

Ya ce, "Minti goma ne. Saura shida."

Na ce, "Zai mutu kafin uku."

Ya ce, "In ya mutu na sani ke nan. Ko a fuskar 'yata kike so in gwada?"

A ciki karen ba ya iya haushi, bakinsa a ɗaure. Kansa yake bugawa da ƙofa. Na shiga kicin na cire ƙaramar tukunyar gas, na ɗago ta na maka a kan kwaɗon. A bugu na biyu Yayanka ya fizgo ni ta mayafi, ya mare ni, ya haɗa kaina da bango. Na ji wani abu kamar tsakuwa a bakina, na tofar, rabin haƙorina ne na gaba. Ya koma ya dafe kwaɗon da hannunsa ya ce, "Yalla, buga in gani." Na ce ya ɗauke hannunsa. Sau biyu na faɗa, Suhaila shaida ce. Sannan na buga.

Yatsunsa biyu sun karye. Kwaɗon ma ya karye.

Hayaƙi ya fito fari, Toka ya biyo shi da jan ciki. Na durƙusa na yage salatif ɗin, gashin fuskarsa ya biyo. Ba ya gani, bai san ni ce ba, ya datse min hannun dama har ƙashi. Yayanka yana ihu, ya riƙe hannunsa a ƙirji, yana harbinmu da ƙafa, ni da karen, duk wanda ya samu. Hajiya ce ta fito da sandarta ta zauna a ƙasa a tsakaninmu, tana tari, ta ce, "Saura ni, Usmanu." Ya tsaya. Autarsu Nadiya ta shaƙi hayaƙin ta yi ta amai har la'asar.

Ka ga ke nan, mako uku muna sauraron rediyo muna jiran guba daga Bagadaza, ta fito daga kusa da kicin.

An yi min ɗinki bakwai da allura. A asibiti na ce faɗuwa na yi daga bene a kan kare, likitar ta dube ni ta rubuta. Toka yana da rai. Idonsa ɗaya ya yi fari, yana tarin jini, yana lasar ruwa kaɗan-kaɗan. Yayanka ya ce tunda bai mutu ba, kammamarsa ta yi aiki.

Ya rantse zai kai shi daji a motarsa. Ya fito da bindigar Baba ta harbin tsuntsaye ya jingine a bayan ƙofa, wai gogewa zai yi. Hajiya ta sa shi ya yi alkawarin ba zai taɓa karen ba sai an ji daga bakinka, tunda naka ne. Don haka rayuwarsa tana hannunka, kuma layi ɗaya ya isa.

Ka huta lafiya.
Safiyyatu

*

Hafar al-Batin
16 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga Safiyya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Ummi.

Inna lillahi. Na karanta har sau uku. Shekaranjiya makami ya faɗo cikin garin nan da rana tsaka, na wuni ina cire gilashi daga jikin mutane, na dawo na tarar da wannan.

Na sami waya na yi magana da Yaya. Abin da ya yi ba daidai ba ne, na gaya masa. Amma Safiyya, kin karya hannun yayana a gidan ubansa, a gaban matarsa. Kuka yake yi a waya. Ban taɓa jin ya yi kuka ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ya ce ko karen ko shi a gidan. Ummi ba za ta iya zama ba namiji ba a irin wannan lokaci, kuma ni ban san ranar dawowata ba.

Na ba shi izini. Ya yi min alkawari sakinsa zai yi a daji kusa da makiyaya, ba harbi. Ina son Toka, kin sani. Amma kare ne, ya kuma tsufa. Ki je ki ba Yaya haƙuri, ko don ni. Kalma biyu ce.

Haƙorin, in na dawo akwai likita mai kyau a Al-Azizya, zan kai ki da kaina.

Wassalam.
Naki,
Sa'id

*

Jurf, Madina
21 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga Sa'id,

Assalamu alaikum. Na ga wasiƙarka, Allah ya tsare ku.

Na tambayi Hajiya yadda Yayanka ya saki sauran karnukan Baba guda biyu, shekarar da aka sayar da gona. Ta ce kai ka riƙe masa igiya, shi ya riƙe bindiga. Ban ƙara tambayar ta komai ba.

Yau da hantsi Yayanka ya tafi asibiti a sake masa bandeji, ya ce in ya dawo zai fita da karen. Na buga waya ga Zulaiha, 'yar Cadi ɗin nan da mijinta Audi yake kula da gonar da ke maƙwabtaka da tsohuwar gonarku. Suka zo da motar ɗaukar dabino. Audi ya ɗauki Toka a hannu, don ba ya iya hawa. Zulaiha ta dubi bakina ta ce, "Ke ma ki hau." Dama jakata tana hannuna. A ɗakinta nake yanzu, karen yana ƙarƙashin inuwar dabino, ya ci rabin kwano.

Ba zan ba da haƙuri ba. In kana so in dawo, ka zo da kanka ka same mu, mu biyu.

Hajiya ta rako ni har bakin titi, ba mayafin kirki, ba takalmi. Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ce, "Tashi, 'yar nan, kada ya dawo ya tarar da ku." Na ce me za ta gaya masa. Ta ce, "Salla nake yi, ban ga komai ba." Ta leƙa bayan motar, ta daɗe tana kallon karen, sannan ta ce wa Audi, "Kada ku ba shi madara, tana ɓata masa ciki."

Ta koma ciki ta tura ƙofar da hannu biyu. Na ji ta sa sakata kafin motar ta tashi.

Ka huta lafiya.
Safiyyatu