Kada Ki Saurari Kiɗan Auta a Waya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Ni dai ne na kasa zama wuri guda, yau sau uku ina buɗe shago ina rufewa.

Maganar ƙanenmu Auta ce. Albam ɗin da suka shekara suna yi da Dogo, tsohon nan mai jita, ya fito. Irin kiɗan da suke kira dub ne: a zare murya, a bar amsa-kuwwa da bes, wato ƙasan kiɗan mai nauyi da ake ji a ƙirji. Masu sharhi sun rabu. Wata ta rubuta cewa kamar ka shiga tsohon gidanku ne ka ji takun mutanen da suka tashi. Kin san karatuna, da yatsa na bi, amma na gane yabo ne. Wani kuwa ya yi bidiyo ya ce an manta ba a kunna rabin na'urar ba, shiru kawai aka sayar wa mutane. Auta bai riƙe ta farko ba, ta biyun ya haddace. Kwana shida ke nan ya lulluɓe kayan kiɗan da zanen gado, ya ce wa Inna ya gama, a ba wa mai so. Inna ta ce to Alhamdulillahi, kwanukanta za su daina rawa a kan kanta, amma na ga ba har zuci ba.

Na kalli bidiyon sau biyar. Yaya, mutumin a waya ya kunna kiɗan, ya ajiye ta kusa da kofin shayi. Lasifikar waya ba ta kai farcena ba, ina za ta ɗauki bes? Sai dai laifin ba nasa kaɗai ba ne. Ni na haɗa musu manyan akwatunan lasifikar ɗakin, kuma ranar da Dogo ya ce a gwada a waya kafin a saki, ni na ce raini ne ga aikina. Auta ya bi maganata don ni ne babba. Har yau ban iya tuna masa ba.

Ga roƙona. Na turo miki kiɗan. Ki kai shi inda ake da babbar lasifika, ki ɗora tafin hannu a jikin akwatin, waƙa ta huɗu. Sannan ki kira shi ki faɗa masa abin da hannunki ya ji, ko daɗi ko akasinsa, ke kaɗai yake yarda ba ki yi masa kara. Kina ajiye waya zan shiga in faɗi nawa laifin, in ya so ya jefe ni da zanen gadon, in dai ya yaye shi.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan 'yan biyu. Inna da Gwaggo suna gaisuwa.

Ƙanenki mai gyaran lasifika, wanda ke jiran ƙarar wayar Auta.