Maganganun da Baba Ya Janye

Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara, da fatan kun sauka lafiya jiya. Baba da sauƙi, sai ƙafar nan da ke kumbura masa da yamma.

Na ɗauki biro ne don na san halina. In na kira ka a waya za ka yi ta dariya kana "Yaya ke nan," ni kuma in yi shiru, mu rabu ban faɗi komai ba.

Yau da hantsi na kunna kwamfutar da ke ɗakin Baba, sai na ji kamar na faɗa ɗakin wata ba sallama. Windows ɗin da na sani shekara shida ba ya nan. Sai 'yar takarda manne a gefen allo da rubutunka: "Barka da samun 'yanci. Sunansa Linux. Ba abin da ya ɓata." Auta, yaushe na ce maka a ɗaure nake? Ranar Asabar na bar ka da kwamfutar na kai Baba asibiti, na ce ka duba firinta tana cin takarda. Firinta kawai na ce.

Gaskiyarka, ba fayil ɗin da ya ɓata. Ɗari da talatin da bakwai ne, na duba sau biyu. Amma ka ji abin da ba ka tambaya ba. Ka san Baba ke faɗar tarihin rayuwarsa ina bugawa, kowane zama fayil ɗaya, lamba kawai nake sa masa. Abin da ke bambanta su shi ne inda suke zaune a fuskar allo. Wanda na karanta masa ya ce "haka yake," in ja shi sama ta dama. Wanda ya ce "na janye, kada kowa ya ji wannan," in ja shi ƙasa ta hagu. Sau da yawa labari ɗaya ya faɗe shi sau biyu ko uku, wani cikin fushi, wani bayan ya huce. Yanzu ka tattara su duka cikin jaka guda, a jere kamar 'yan makaranta a layi, na fushin da na sanyin zuciyar kafaɗa da kafaɗa.

Mai buga littafin yana jiranmu ƙarshen wata, Baba kuma kullum sai ya tambaye ni yaushe zai riƙe littafinsa a hannu. Ba zan kai maɗaba'a kalma ɗaya da ya janye ba. Amana ce, ni za a tambaya.

Don Allah ka mayar mini da abina yadda yake.

Wassalam. Yayarka.

Laraba

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, a shafa mini kan Baba, ko da yake ba sauran gashin shafawa.

Wallahi da na ga ambulan na ɗauka sammaci ne daga kotu! Yaya, ki kwantar da hankalinki. Kwamfutar nan tsohuwa ce, in kin kunna ta sai kin je kin ɗora ruwan shayi kin dawo kafin ta farka. Yanzu fa? Ba ki ga yadda take tashi kamar an tsikare ta ba? Shi Linux ba ya da nauyi, ba wanda ya mallake shi, kowa zai iya leƙa cikinsa ya ga yadda aka ƙera shi. Ke da ba kya son abu a ɓoye, ai naki ne. Ni shekara tara ke nan ban taɓa wani ba, kuma duk wanda na ɗora wa sai ya dawo yana gode mini. Ban da yayana Dakta, shi dama da kwamfutarsa ta Mac za a binne shi.

Maganar fayiloli kuwa, ki yi haƙuri, amma wa ya taɓa ajiye aikin shekara shida da "sama dama, ƙasa hagu"? Ai wannan shanya ce, ba ajiya ba. Ga mafita: ki danna inda ke jera su bisa kwanan wata. Duk labarin da ya zo sau biyu, na ƙarshen shi ne sahihi. Minti goma kin gama.

Ki ba shi sati biyu kacal. In ba ki so shi ba, mu yi magana.

Naki, Auta.

Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka. Allah ya saka da shawara.

Kwanan wata ba ya raba mini komai. Kai ba ka san ubanka ba ne? Sau nawa zai faɗi abu yau, ya sake shi bayan wata uku, sannan ya ce "a'a, na farkon ya fi gaskiya"? Don haka tun Talata na koma karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, daga karin kumallo har ya gaji. Sha shida muke iya yi a rana, numfashinsa ba ya kai fiye da haka.

Yanzu ka ji abin da ya faru yau.

Muna cikin karatu Baffa ya yi sallama, da sandarsa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa inda ya saba. Ya ce, "Tsoho, har yanzu ba ka gama yi wa duniya ƙarya ba?" Baba ya ce, "Zauna ka ji, kai ma kana ciki, kuma na rage maka muni." Suka yi dariya har Baba ya yi tari. Ya ce mini, "Ci gaba, uwata."

Na buɗe na arba'in da ɗaya. Ya fara da rashin lafiyar Inna kakarmu, yadda aka kwantar da ita, wa ya zo, wa ya kawo me. Ban iya rage girman rubutu a wannan abin naka ba, layi huɗu kawai nake gani a lokaci guda, hankalina kuma rabi yana kan linzamin kwamfutar, ina neman yadda zan sauko ƙasa. Bakina yana tafiya. Sai kunnena ya ji muryata tana cewa: "Ƙanena kuwa ban yafe masa ba. Kwana uku Inna tana kiran sunansa, yana can yana yawonsa, har ta cika."

Na tsaya.

Kai kana ƙarami, ba ka san wannan ba. Shekara arba'in Baba yana riƙe da abin a ransa bai taɓa furta wa Baffa ba. Shekara huɗu da suka wuce direban da aka aika wa Baffa a lokacin ya zo neman gafara, ya ce shi ne bai isar da saƙon ba sai bayan an yi jana'iza. Ranar Baba ya yi kuka kamar yaro, ya ce in janye wannan zaman, ya faɗi wani sabo. Da hannuna na ja shi ƙasa ta hagu. Da a wurinsa yake, ko kusa da shi ba zan je ba.

Baffa ya ce a hankali, "A'a, 'yata, ƙarasa mana. Ai ba a barin karatu a tsakiya."

Baba ya yunƙura zai tashi, yana cewa, "Na janye shi! Wallahi na janye, tambaye ta!"

Baffa ya ce, "Abin da aka janye ne ake bita za a kai wa mai buga littafi?" Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na bi shi har titi ba takalmi, bai waiwayo ba.

Baba bai ci abincin rana ba. Ya juya fuskarsa bango.

E, kwamfutar tana tashi da sauri, na gani.

Yayarka.

Lahadi

Yaya Babba,

Gaisuwa da girmamawa. Ina rubuta wannan a gurguje tsakanin marasa lafiya biyu, wani abokin aikina da zai biyo ta wajenku zai kawo miki.

Matata ta ce an ɗan samu hatsaniya da Baffa. Tsofaffi ne, za su huce. Amma Yaya, da kin ji maganata tun bara, da duk ba a zo nan ba. Na ce miki ki bar ni in aiko miki da Mac. Abu ne mai tsabta, ka buɗe ka yi aikinka ka rufe, ba ruwanka da makanikai irin su Auta. Windows na ofis ne, Linux na masu son wahala ne, wannan ra'ayina ne kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Ni ban ma ga abin tayar da hankali ba, tunda tsohon faifan yana nan. Auta ya gaya mini a waya tun ranar da ya koma, yana ta dariya. Ai bai goge komai ba. Faifan cikin kwamfutar, wanda komai ke ajiye a kansa, shi ya cire ya sa sabo, tsohon yana cikin jakarsa da Windows ɗinki da shanyarki yadda kika bar su. Ya ce in kin san yana nan ba za ki taɓa gwada sabon da zuciya ɗaya ba, shi ya sa zai ja bakinsa sati biyu. Har musu muka yi, na ce ba za ki kai sati ba, ya ce za ki kai. Ga shi na ci.

A dinga ɗora wa Baba ƙafar a kan matashi. Ki faɗa mini kalar da kike so, akwai ruwan toka akwai fari.

Ƙaninki, Dakta.

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum, don sallama haƙƙinka ce.

Wasiƙar Dakta tana gabana. Na karanta ta sau uku, na tashi na wanke hannuna, ban san dalili ba.

Ashe yana jakarka. Ranar da na roƙe ka da Allah yana jakarka. Kwana uku ina sa tsoho mai ciwo yana sake bin rayuwarsa layi-layi yana haki, yana jakarka. Wasiƙata ta Alhamis ta same ka, ka karanta abin da ya faru da Baffa, ka yi shiru. Ku biyu kuma, ɗaya likita ɗaya injiniya, kun mai da ni abin musu a waya, kamar masu kallon ƙwallo. Ni na yi muku wanka, na goya ku. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu da ya fito daga gidanmu ba sai yau.

Ban ce naka ba shi da kyau ba. Wataƙila ya fi. Ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Wanda ya ƙera shi bai shigo ɗakin Baba ya taɓa mini kaya ba, kai ka shigo.

Ranar Laraba ka zo da faifan ka mayar. Sannan ka ɗauki kwamfutar, da allon da wayoyinta, ka kai gidan Baffa a hannunka. Zan nuna masa inda na arba'in da ɗaya yake zaune, in karanta masa wanda ya maye gurbinsa. Kada ka zo mini da bayani.

Yayarka.

Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga ta Alhamis tun ranar Juma'a. Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa, kunya ta hana ni. Ba ni da abin cewa. Gobe da safe ina hanya, faifan na naɗe shi a cikin rigata.

Ki roƙa mini Baba gafara.

Auta.

Juma'a

Zuwa ga Dakta da Auta,

Assalamu alaikum. Takarda ɗaya na kwafa biyu, don kada in maimaita.

Dakta, kai da ba ka nan: Auta ya mayar da faifan, komai ya dawo wurinsa. Mun kai kwamfutar gidan Baffa, aka janye tabarma aka ɗora ta a kan teburin cin abinci. Na nuna masa kusurwar hagu, na ce nan ne wurin abin da Baba ya janye, ga na arba'in da ɗaya a ciki shekara huɗu. Na karanta masa sabon, inda Baba ya ce ya zalunci ƙaninsa a zuci kuma yana neman gafararsa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

Sai ya ce, "Na ji, 'yata. To ke, da ya ce ya janye, me ya sa kika ajiye?"

Ni dai ban taɓa iya zubar da maganar Baba ba, ko ta fushi ce. Ina ganin hakan riƙon amana ne. A gaban Baffa na goge su, su talatin da ɗaya, Auta ya nuna mini yadda ake yi don kada su dawo.

Littafin ya tafi maɗaba'a jiya. Baba ya sha kunu kaɗan. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya ɗaga kai ya ce, "Shi ne?"

Baffa bai zo ba tukuna. Bai kuma ce ba zai zo ba.

Dakta, kada ka aiko da komai, ko fari ko ruwan toka. Ku kira Baffanku ku gaishe shi, kada wanda ya ambaci kwamfuta.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Wassalam. Yayarku.