Zuwa ga Hajiya: An Haifi Takwararki Ranar Bikin Mutanen Indiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, Hajiya, albishirinki. 'Yarmu Hadiza ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Kin san abin da muka sha a kan yarinyar nan. Ciki uku suka zube a gabanki. Ina tuna ki zaune a bakin gadonta a gidanmu na unguwar Zahir a nan Makka, kina shafa mata kai kina cewa, "Rabo ba ya ɓata hanya, sai dai ya yi nawa." Kin tafi ba ki ga wannan rabo ba.

Bayan rasuwarki mijinta Sa'idu ya kai ta kudancin Indiya neman magani. Suka kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai bin addinin Hindu, kowa a unguwar Amma yake ce mata. Allah Ya sa aka dace, ciki ya zauna.

Da watan haihuwa ya matso, Amma ta ce su koma kusa da asibiti, domin akwai bikin haihuwar abin bautarsu, Kirishna, kuma idan ya zo tituna cika suke yi. Sa'idu ya kira ni a jawwal, wato wayar hannu, yana neman shawara. Na tambaye shi yaushe aka yi na bara, kuma da me suke lissafi. Ya ce da wata, kwana na takwas bayan wata ya cika. Sai na ce shi ke nan, ai irin namu ne. Yadda azumi ke ja baya kowace shekara, haka bikinsu zai ja baya, za a gama shi tun Hadiza ba ta fara naƙuda ba. Na ce su yi zamansu.

Na san abin da za ki ce. Tun da na shiga makarantar dare da furfurata kike faɗa, "Malam ya koyi lissafi, mun shiga uku."

Ashe mutanen nan duk bayan 'yan shekaru sukan ƙara wata guda a shekararsu, don bikin ya tsaya a daminarsu, tsakanin Agusta da Satumba. Bana ce shekarar ƙarin. Bikin da na tura baya sai ya yi tsalle gaba, ya sauka daidai ranar da naƙuda ta kama 'yarki.

Hadiza ta ba ni labarin ranar. Tun safe Amma take azumi, ba za ta sha ruwa ba sai tsakar dare, lokacin da suka ce an haifi Kirishna. Ta dama garin shinkafa ta zana 'yan sawun jariri tun daga ƙofar gida har ɗakin bautarta, wai alamar ya shigo. A titi kuwa an rataye tukwanen nono a sama, samari na kai musu sanda ana watsa musu ruwa, ga ganguna, ga jama'a ba masaka tsinke. Motar asibiti ta kasa shigowa.

Hajiya, ina Kudai wajen motocin alhazai Sa'idu ya kira ni ya faɗa mini halin da ake ciki. Na bar komai na nufi Harami. Ban iya wata doguwar addu'a ba, Ya Latifu kawai nake maimaitawa.

Tsohuwar nan ta bar bautarta. Ta tare keke mai ƙafa uku, ta sa Hadiza a ciki. Hadiza na ta kauce wa zanen don kada ta ɓata mata aiki, Amma ta ja hannunta suka bi ta kai. Sannan ta ɗauki farantin tagulla ta shiga gaban keken da ƙafa, tana bugawa tana yi wa samari faɗa, wai suna murnar jariri sun tare wa jariri hanya. Jama'a suka dare biyu. Har masu ganga suka koma 'yan share hanya.

Kafin magaribarsu aka haifi jaririyar. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sauya.

Addininsu nasu ne, namu namu ne, wannan ba ya canzawa. Amma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ita Amma ba za ta iya shigowa Makka ba, don haka na sayi dabino mai kyau a kasuwar Zahir zan aika mata. Na kuma yi niyyar gaishe ta duk shekara a wannan lokaci. Ranar kuwa ita zan riƙa tambaya, na ajiye lissafi.

Sa'idu ya kara jawwal a kunnen jaririyar, na yi mata huɗuba daga nan, na raɗa mata sunanki. Hadiza ba ta iya faɗarsa, Ummi take ce mata. Ni kuwa na riga na sanar da unguwa cewa na yi amarya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya raya Rabi'atu ƙarama, Ya saka wa tsohuwar nan da shiriya da alheri, Ya dawo mana da su lafiya. Idan sun iso, a kan tabarmarki za a fara kwantar da ita.

Naki har kullum,
Malam