Wadda Ta Turu Ita Ce Tamu

Auta,

Na fita kana barci, za ni asibiti a duba mini bayana. Karanta ka yi abin da na ce, ban da gardama.

Jiya na koma wajen dillalin motoci ni kaɗai. Na ga ƙatuwar baƙar nan da ka ishe mu da zancenta. Kuɗinmu zai kai, amma ko na mai ba zai rage ba. Kuma ka san ƙa'idata: duk motar da mai aljihu irin namu ya saya, wata rana sai ya tura ta. Saboda haka na tuɓe riga na gwada. Dillali yana ta cewa, "Haba Baba, ai da makulli ake gwada mota!" Na ce masa makulli na ranar daɗi ne.

Baƙar taka ko motsi ba ta yi ba, bayana ne ya motsa. Wata farar ƙarama da ke gefenta kuwa mai biyayya ce, hannu ɗaya na sa mata ta kama hanya. Ba ta tsaya ba sai a jikin katangar dillali. Fitila ɗaya ta fashe, shi kuma nan take ya ce ciniki ya faɗa.

To, ita muka saya. Ka nemi bakanike ku taho da ita kafin duhu ya yi, ido ɗaya gare ta. In babarka ta tambaya, ka ce zaɓa na yi da hannuna, ai ba ƙarya ba ne.

Kada ka kuskura ka ajiye ta a gangare.

Babanka