Ashe Jazirar ba ta Riyad ba ce

Almu angona,

Na tafi unguwar Manfuha wajen ƙawata Zuwaira, ban tashe ka ba.

Da ka ce kafil, ubangidanka na aiki, zai mayar da kai Jazira, ni na ɗauka unguwar nan ce ta cikin Riyad. Har na gama baza wa matan unguwa labari. Da asuba Zuwaira ta kira ni tana salati, wai jazira tsibiri ce a tsakiyar teku. Mijinta ya yi shekara biyu a irin wurin. Fetur a jarka ake kai musu cikin kwalekwale, kuɗin lita ɗaya ya sayi uku a nan. In zai zo gida sai ya hau jirgin ruwa, ya hau mota, ya hau jirgin sama, albashin wata ya ƙare a hanya. Sau ɗaya ya zo, shi ma da 'yarsa ta rasu.

Kada ka sa hannu a komai sai na jiyo sauran zancen. Takardar aikin tana jakata, kada ka wahalar da kanka da nema. In kafil ya kira, ka ce masa tsohuwa ta rikice.

Kakarka, Tabawa